Maikiromitar Yayanki Tana Nan a Kulle

Zawaciki, Kano
Ranar Alhamis

Zuwa ga 'yata Rukayya,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ki a tafiyar da za ki yi ranar Lahadi zuwa Fatakwal, ya kuma sanya albarka a aikin da za ki fara. Na san za ki yi mamakin uba ya rubuta wa 'yarsa wasiƙa alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da nata. Na gwada yin maganar da baki, ta ƙi fitowa yadda nake so. A rubuce na fi iya tsara tunanina, kin kuma san haka nake tun kina ƙarama.

Yayanki ya rasu ranar Talata, a makon da aka yi ruwan farko na bana, jim kaɗan bayan la'asar. Ya tsayar da injin sassaƙar ƙarfe a shagonmu na Sharaɗa, ya wanke hannunsa da sabulu, ya yi alwala, ya tsallaka titi zuwa masallaci. Ya sami jam'i. A kan hanyarsa ta dawowa wata tirela da birkinta ya tsinke ta same shi a gefen titi. Yohanna, abokin aikina tun zamanin da muke Bompai, shi ya fara isa wurinsa, shi kuma ya kira ni a waya. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. A gidan nan aka yi masa wanka, aka sallace shi washegari da hantsi, ni da kawunki muka sa shi a makwancinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na rubuta miki shi dalla-dalla domin ban taɓa faɗa miki da bakina ba. A cikin gida kika tsinta, guntu-guntu, daga bakin masu zuwa gaisuwa, kuma kin cancanci ki ji shi a tsare daga wurina.

Bayan an tashi daga zaman makoki Yohanna ya zo da wani ƙaramin akwati, ya ajiye a gabana, ya ce, "Maigida, ga maikiromitar ɗanka. Yadda ya ajiye ta na ɗauko, ban taɓa komai ba." Ita ce wadda na ba shi ranar da ya kama aiki a shagon, mai auna kaurin ƙarfe daga milimita ashirin da biyar zuwa hamsin. Da na buɗe sai na tarar ya danna ɗan makullin da ke riƙe sandarta. Tana tsaye a kan talatin da biyar da ɗigo ɗaya biyu. Shaf yake sassaƙawa, sandar ƙarfen nan mai juyawa, na wani injin casar shinkafa, daidai mazaunin boris, kuma wannan shi ne awo na ƙarshe da ya ɗauka kafin ya fita. Na mayar da murfin akwatin, na sa shi a durowar teburina. Tun ranar tana nan a kulle.

Ranar Litinin da ta wuce kika shigo bayan karin kumallo, kika durƙusa kika gaishe ni, kika ce, "Baba, ina so in tafi da maikiromitar Yaya."

Na ce, "A wurin aikinki za su ba ki tasu."

Kika ce, "Na sani, Baba. Tasa nake so."

Na ce, "Ba za a taɓa ta ba."

Kika ce, "Kun duba ta kuwa kwanan nan? Damina ce. Bai goge ta ba kafin ya fita, ruwan injin yana jikinta. Idan aka bar ta haka sandar za ta kafe."

Na ce, "Na ce ba za a taɓa ta ba. Tashi ki je."

Kika ce, "Allah ya huci zuciyarku," kika fita. Tun daga ranar daga bakin ƙofa kike gaishe ni.

Bayan fitarki na buɗe durowar na duba. Gaskiyarki ce. Akwai ɗigon tsatsa a jikin sandar, kusa da inda take shiga cikin jikin maikiromitar, bai wuce ƙwayar riɗi ba. Idan ya shige ciki ya kama haƙoran sukurun da ke murza sandar, shi ke nan, ta zama ƙarfen ajiya. Ba na son ta lalace a hannuna, kuma ba na son ki bar gidan nan kalmata ta ƙarshe gare ki ita ce "tashi ki je". Dalilin wannan wasiƙa ke nan. Amma kafin in zo kan maganar, bari in ba ki abin da na sani game da wannan ma'auni. Ilimin littafi kin samo shi a jami'a, wataƙila ma ya fi nawa sabunta. Abin da nake da shi wanda ba ki da shi su ne wuraren da na faɗi.

Faɗuwata ta farko a Bompai ce, a wata masaƙa, shekarar da na dawo daga karatu a ƙasar waje. Wani shaf ya karye, aka ce in auna tsohon a sassaƙa sabo. Kin san a hannun maikiromita layuka jere biyu ne, na sama cikakkun milimita, na ƙasa rabi-rabi, ita kuma hular da ake murzawa tana da layi hamsin, kowane zagaye ɗaya rabin milimita. Na duba na sama, na duba hula, na manta da na ƙasa. Layin rabi ya ɗan leƙo daga ƙarƙashin hular, ni kuwa ina kallo daga gefe, ga sauri, ga son a ga na iya. Na ba Yohanna lamba, lokacin shi ma saurayi ne a kan injin. Ya yini yana sassaƙa. Da aka zo sa dabaran, wato wilin da ke jan bel, a kan sabon shaf sai ya zurma ya wuce kamar zoben babba a yatsan yaro. Muka tsaya muna kallon juna. Ya ce, "Oga, ni dai abin da ka faɗa na yanka. Ƙarfen da ya zube ƙasa kuma ba na iya mayar da shi." Shekara da shekaru, idan yana son ya tsokane ni, Oga Rabin Mili yake ce mini, har bayan furfura ta fito mana duka.

Saboda haka, kafin ki sa maikiromita a jikin ƙarfe, fara ɗora rula ki san kusan inda lambar za ta faɗa. Kuskuren layi ɗaya ko biyu ido yana iya yi, amma kuskuren rabin milimita na wanda bai tsaya ba ne. Ki dubi layukan kai tsaye, fuskarki daidai da su, a wurin da haske yake. Ki karanta cikakku, ki karanta rabi, ki karanta layukan hula, ki faɗi kowanne da baki ko da za a yi miki dariya. Ƙarfe idan ya yi kauri ana ragewa. Idan aka rage fiye da ƙima babu gyara.

Ta biyu ta fi wannan muni, domin ta farko kuskure ne, wannan kuwa da sanina na yi. Lokacin ina shugaban sashen awo a wata masana'antar jima a Challawa. Injin matse fata ya tsaya, fatu suna jiƙe suna jira, manajan yana zuwa yana komawa a bayana. Aka kawo sabon shaf daga waje, na auna, ya ɗara abin da ake so da layi uku. Layi ɗaya kashi ɗaya ne cikin ɗari na milimita, gashin kai guda ya fi layi uku kauri. Manajan ya ce, "Injiniya, ƙara dubawa dai." Na fahimci abin da yake nufi. A ƙarshen maikiromita akwai ɗan kan nan da muke kira racet, wanda idan bakunanta biyu suka kama ƙarfe yake sulluɓewa yana ƙas-ƙas, don kada hannu ya matsa fiye da ƙima. Na bar shi, na kama hular da yatsuna, na murza da ƙarfi har layin ya zo inda nake so. Na sa hannu. Aka buga boris da ƙyar ya shiga. Bai yi mako ba ya yi zafi ya ƙone, ya ci shaf ɗin, injin ya tsaya tsayuwar da ta fi ta farko tsawo. Ba wanda ya gane abin da na yi. Aka ɗora laifin a kan boris, ni kuma na yi shiru.

Racet an sa shi ne domin hannun mutane ba ɗaya ba ne, kuma hannun mutum ɗaya ma yana canzawa idan akwai lambar da zuciyarsa take so. Ki kawo sandar kusa da hula, a hankali, amma taɓawar ƙarshe ki bar wa racet. Ya yi ƙas sau biyu ko uku, ki tsaya. Kada ki auna wuri ɗaya ki ce kin gama. Ki auna kusa da baki, ki auna tsakiya, ki juya shaf ɗin kwata ki sake, domin abin da ido yake gani da'ira ne sau da yawa yana da ɗan tudu a gefe guda. Kada ki taɓa kusantar da ita ga ƙarfen da ke juyawa, ko da a hankali yake juyawa. Za ki haɗu da masu cewa ki ƙara dubawa, kuma da yake ke mace ce, sabuwa, za su fi yawa. Ki ƙara dubawa ɗin, a gabansu, da ladabi. In lambar ba ta canza ba, ki sake faɗa musu ita da murya irin ta farko.

Zafi ma ya taɓa kayar da ni, ba sau ɗaya ba. Ƙarfe yana kumbura idan ya yi zafi, kowa ya karanta wannan, amma a watan bazara, a ƙarƙashin rufin kwano, ga mai aiki yana tsaye a kanki, mantawa ake yi. Na sha auna aiki yana saukowa daga inji da zafinsa, lamba ta fito daidai, da gari ya waye ya huce sai a ga boris yana rawa a kai. Littafi ya ce a yi awo a digiri ashirin. A ɗakin awon kamfaninku za ki sami wannan, amma a filin aiki ba za ki samu ba, mu ma a Kano ba mu taɓa samu ba. Abin da za ki yi shi ne ki ajiye aikin da maikiromitar a kan tebur ɗaya, nesa da rana da bakin janareto, ki ba su lokaci su zama zafi ɗaya. Ki riƙe ta a kan robar da aka manna a jikinta, kada ki runtse ta a tafin hannu kina hira, domin ɗumin jikinki kaɗai yana buɗa ta.

Wannan darasi na koya wa yayanki sosai, kuma ya riƙe shi. Yohanna ya ce a ranar yayanki ya yi yankan farko, ya auna, ya taɓa ƙarfen da bayan hannunsa, ya ce, "Bari ya huce, in na dawo daga sallah in ƙarasa." Na juya wannan magana a raina fiye da yadda ya kamata. Na san da ya tsaya ƙarasawa da bai tsaya ba, lokacinsa ya yi, kuma na gode wa Allah da ya sa daga masallaci ya fito. Ina faɗa miki ne kawai don ki san abin da ya yi daidai ne. Haka ake aikin.

Game da ajiya, maikiromitata ta farko ni na kashe ta da hannuna. Ƙarama ce, mai farawa daga sifili. Zan tafi hutu, na murza ta har bakunan suka haɗu, na kulle, na jefa a durowa ba akwati, ina ganin na adana ta ke nan. Iskar Challawa kuwa kin san ta, gishiri da sinadarin jima ne a cikinta. Na dawo na tarar ta kafe. Na zuba mata baƙin mai na mota na murɗe da ƙarfi, ta buɗe, amma daga ranar ba ta ƙara faɗin gaskiya ba.

Fatakwal ta fi Challawa laima, kawunki da ke zaune can ya ce ko takalmi aka ajiye sai ya yi fumfuna. Duk ranar da kika yi aiki da ita, kafin ki wanke hannunki ki goge ta da ƙyalle mai laushi marar gashi. Bakunan kuma ki goge su da farar takarda mai tsabta. In ƙarama ce mai farawa daga sifili, sai ki sa takardar tsakaninsu, ki kama ta kaɗan, ki ja. Ɗigo ɗaya na mai marar kauri, irin na keken ɗinki, ya ishi sandar. Ban da giris, ban da man gyaɗa, ban da baƙin mai. Ki ajiye ta a akwatinta, makulli a sake, bakuna ba sa taɓa juna. 'Yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin magani, ki jefa ɗaya a ciki. Kada ta kwana a aljihu tare da sifana, kada ta zauna a gaban mota cikin rana. Kowace safiya kafin awon farko ki gwada ta. Ta yayanki tana da 'yar sandar gwaji a cikin akwatin, mai milimita ashirin da biyar cif. Ki goge kawunanta, ki sa ta tsakanin bakunan, ki kawo da racet. Idan layin sifili bai zauna daidai ba, ga ƙaramar sifana nan a gefe, ki juya hannun a hankali har ya zauna. In ta taɓa faɗuwa ƙasa, ko da ba ki ga tabo ba, kada ki yarda da ita sai an kai ta wurin masu tantancewa. In kika ba da aronta, ki gwada ta a gaban wanda ya dawo da ita, ba don zargi ba, don kowa ya tafi da zuciya ɗaya.

Yanzu na zo kan makullin. A ƙa'ida ana karanta awo ne maikiromita tana kan aiki, sannan a buɗe ta a cire. Ana kullewa ne kawai idan wurin ya matse ido ba ya kaiwa, domin jan ta a kulle yana cin bakunan a hankali. Yayanki yana da ɗabi'ar kullewa ya zare, ya ajiye ta a kan inji, wai don ta riƙe masa lambar. Na yi masa faɗa a kan haka ban san iyaka ba. A makon da ya rasu ma na leƙa shagon na gan ta a kulle.

Na ce, "Kai, sau nawa zan faɗa maka? Ka karanta, ka rubuta, ka saki."

Ya ce, "Baba, idan na rubuta a takarda Baba Yohanna ne zai naɗe ƙosai da ita."

Yohanna daga can bayan inji ya ce, "Ka ji sharri. Ni da likita ya hana ni mai? Maigida, ka bincika aljihun ɗanka, nan ƙosan yake."

Suka yi dariya su biyu. Ni ban yi ba. Na ce, "Wasa ba ya gyara bakin maikiromita," na juya na shiga mota. Ɗabi'ar da na yi ta yaƙa da ita, ita ce ta bar mini abin da nake buɗe durowa ina kallo yanzu. Duk da haka ina gaya miki kada ki ɗauke ta. Kuskure ne a wurin aiki, kuma rasuwarsa ba ta mayar da shi daidai ba.

Kin lura tun farkon takardar nan "yayanki" nake cewa. Ɗan fari ne, kuma yadda na taso, uba ba ya kama sunan ɗan farinsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa. Haka mahaifina ya yi da babban wanmu, kuma ba mu taɓa shakkar yana ƙaunarsa ba, domin yana da wasu hanyoyin nunawa. In ya yanka nama, tsokar da ta fi kyau a kwanonsa take sauka, ba tare da an ce komai ba. Ni na ɗauki kunyar, na bar hanyoyin. Na ƙara mata tsananin da na koyo a ɗakin awo, inda aikina shi ne neman abin da bai yi daidai ba, sannan na fake da cewa al'ada ce.

Akwai ranar da ya sassaƙa wani dogon shaf mai mazaunin boris a kai biyu, aiki mai wuya, wanda ni kaina a shekarunsa ba zan yi shi a karo ɗaya ba. Ya kawo mini. Na auna kai ɗaya, na juya, na sake. Na auna ɗayan. Na nemi aibu har na gaji, babu. Yana tsaye yana goge hannunsa da tsumma, yana kallon ƙasa. Na ajiye maikiromitar na ce, "Je ka share injin." Da ya tafi Yohanna ya matso.

Ya ce, "Maigida, mu a coci idan mawaƙa suka yi daidai, ko fasto yana cewa amin."

Na ce, "Ɗan fari ne."

Ya ce, "To, ɗan fari ba shi da kunne ne?"

Na ce ya koma bakin aikinsa. Ina ganin akwai lokaci. Na yi niyyar ranar da zan miƙa masa shagon gaba ɗaya in tara mutane in faɗi abin da ke raina sau ɗaya, a tsare.

Nan gaba za a sa wasu a ƙarƙashinki. Idan aikinsu ya fita daga ƙa'ida ki faɗa musu da layi nawa ya fita. Idan ya zauna daidai, shi ma ki faɗa musu, a ranar, da murya mai fita kamar ta farkon. Wanda yake bayyana awo idan ya ɓaci ya ɓoye shi idan ya yi kyau, rabin aikin awo yake yi. Ke ma ban yi miki adalci ba. Ranar da kika kawo sakamakon jami'a na ce, "To, madalla," na ci gaba da karatun jarida. Na karanta aikinki na ƙarshe daga bango zuwa bango ba ki sani ba, na bi lissafin da biro, ban sami abin gyara ba. Kin iya aikinki, Rukayya. Ranar Litinin ma, da kika ce sandar za ta kafe, maganar injiniya kika yi, ni ne na amsa miki da abin da ba hujja ba.

Ga dalilin da ya sa na hana ki. Mazaunin boris ɗin nan talatin da biyar da ɗigo sifili ɗaya ake so. Saura layi goma sha ɗaya ke nan ya cire. Duk lokacin da na buɗe akwatin na ga lambar, sai in ga aikin mutumin da ya ɗan fita, zai dawo ya ƙarasa. Yatsansa ne ya danna makullin nan. A gidan nan babu sauran wani abu da yake yadda ya bar shi sai shi. Mahaifiyarki ta yi kukanta, ta wanke tufafinsa ta bayar sadaka, tana ambaton sunansa a addu'a da murya, kuma ina ganin ta fi ni samun sauƙi. Ni mutane suna ta yaba haƙurina, suna cewa ko hawaye ba a gani ba. Ba su san ina da durowa ba. Na san ba zai dawo ba. Na san kuma lambar tana kaina, ba sai ƙarfe ya riƙe mini ita ba. Na ɗora babban yatsana a kan makullin ba sau ɗaya ba, abin da ko ƙaramin yaro zai ture, na kasa.

Na yi magana da mahaifiyarki, tunda abin da ya bari ni da ita ne magadansa. Ta ce tun ranar da kika tambaya ta bar miki rabonta, ni take jira. To, ni ma na bar miki nawa. Maikiromitar taki ce. Ki yi aiki da ita, kada ki mayar da ita abin kallo kamar yadda na yi.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ki tafi da ita a kulle, domin tsatsar ba za ta jira ki isa Fatakwal ba, kuma ba na son ki buɗe ta ke kaɗai a garin da ba wanda ya san shi. Ranar Asabar da hantsi ki shigo ɗakina. Ba sai kin tsaya a bakin ƙofa ba. Zan shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, in ajiye mai da takarda. Ke za ki saki makullin. Ki murza ta baya a hankali, in kika ji ta cije kada ki tilasta, ki ɗiga mai ki jira. Ki goge ɗigon tsatsar da ƙyalle mai ɗan mai, ban da sanfefa. Sannan ki sa sandar gwaji mu ga ko tana nan a kan gaskiyarta. Zan zauna a gefenki. Idan kika ga na tashi na fita, kada ki dakata, kada kuma ki biyo ni. Ki ci gaba har ki gama.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe da sharrin mutane. Ya haɗa ki da shugabanni masu adalci da abokan aiki masu amana. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki girmama kawunki da iyalinsa, ki riƙa kiran mahaifiyarki ko ba ki da labari. Ni ma ki kira ni. In kika ji na yi shiru a waya, ina jin ki. Allah ya jiƙan yayanki, ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa, ya yafe mini abin da na tauye masa. Allah ya yi miki albarka, amin.

Har zuwa lokacin da nake rufe wannan takarda, makullin yana nan a danne. Ban goge sandar ba, ban ɗiga mata mai ba. Shaf ɗin yana shago a naɗe cikin tsumma, Yohanna ya yi wa mai injin wani, wannan kuwa ba wanda ya cire masa layi goma sha ɗayan. Kuma ban faɗa miki ko ɗaya daga cikin maganganun nan da bakina ba.

Wassalam.

Mahaifinki